Me Musulmi Zai Ci a Ensenada? Amsa Ga Mai Shirin Tafiya Gaɓar Tekun Meziko

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sami gurbin horo na wata shida a Ensenada, wani gari a bakin teku a ƙasar Meziko, kuma an ce mini ka taɓa zama can. Wani abokina ya tsorata ni, wai abincinsu daga alade sai giya. Don Allah me Musulmi zai ci a garin hankalinsa kwance? Ko in cika jaka da garin tuwo da kilishi tun daga Kano?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya sa a je a sa'a. Kilishin dai ka ci abinka a gida kafin ka tashi, don ma'aikatan filin jirginsu ba sa barin naman da aka sarrafa a gida ya shiga ƙasar, a kwandon shara zai ƙare kana ji kana gani. Maganar garin tuwo zan zo kanta a ƙarshe. Shekara huɗu na yi a garin ina karatun kiwon kifi, kuma in aka cire watan farko da tsoro ya sa na rayu a kan burodi da ƙwai, ban taɓa zama inda na ci kifi na more kamar can ba. Abokinka bai yi ƙarya ba, rabin labari ya ba ka. Alade na nan, giya na nan, sai dai ba a inda kake zaton za ka gan su suke ba. Abin da zan koya maka shi ne inda suke ɓuya.

Ka fara da sanin garin. Ensenada tana jihar Baha Kalifoniya, a bakin tekun Fasifik, tafiyar kilomita wajen 100 kudu da Tihuwana da ke kan iyakar Amurka. Garin masunta ne da tashar jiragen ruwa. Ruwan tekun wurin sanyi gare shi saboda igiyar da ke gangarowa daga arewa, shi ya sa kifinsu ke da kitse da daɗi, shi ya sa kuma za ka nemi rigar sanyi da yamma ko da ka ji an ce bakin teku. Idan ka biyo hanyar gaɓa daga Tihuwana, daf da shiga gari ka leƙa ƙasa, za ka hango wasu manyan da'irori a kan ruwa. Kejin kifin tuna ne, ana kamo shi a kiwata shi a ciki, akasari Japan ake kai shi. A shekarar 2015 hukumar UNESCO ta sa garin cikin biranen da ta karrama saboda abincinsu. Wato ba ƙauyen da za ka yi yunwa za ka ba.

Ta fuskar addini ma hanya a buɗe take. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa, kuma hadisin nan na Muwaɗɗa ya ce teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a ciki, duk abin da ke rayuwa a teku ana ci: kifi, jatan lande, ƙaguwa, kawa, har da halittar nan mai hannaye takwas da suke kira pulpo. Babu yanka, babu tambayar wa ya yanka. Abokan karatuna 'yan Pakistan da ke bin Hanafiyya kan tsaya a kifi kawai, amma kai wannan bai shafe ka ba. To ka ga abin da ya fito daga ruwa ba shi da matsala. Matsalar tana farawa ne daga lokacin da ya shiga kasko.

Abincin da garin ya yi suna da shi shi ne takon kifi, a allunansu za ka ga an rubuta tacos de pescado. Tako ba wani abu ba ne illa tortiya da aka ɗora wa abu aka ninke. Ita tortiya wata 'yar falen waina ce ta masara, faɗin tafin hannu, marar tsami marar mai. Yadda suke sarrafa masarar zai burge ka: a tafasa ta da farar ƙasa, a bar ta ta kwana a ruwan, da safe a wanke a niƙa ta zama ƙullu. Tamkar aikin da kanwa ko toka ke yi a girkinmu ne, tana sa dusar ta saki, ƙullun ya yi danƙo, kuma jiki ya iya cin moriyar wani sinadarin bitamin da ke ɗaure a cikin masara. Dubban shekaru suna yin haka, don masarar ma daga ƙasarsu ta bazu duniya, ita da barkono iri-iri. Abin da ya dame ka a nan shi ne tortiyar masara daga ƙullu sai ruwa, babu kitse a cikinta. Riƙe wannan da kyau.

A kan tortiyar sai a ɗora yankan farin kifi mai tsawon yatsa biyu, wanda aka tsoma a ƙullun fulawa aka soya ya yi rauɗau, a zuba yankakken kabeji, da wani farin kirim mai kama da kindirmo, da tumatir da albasa, da yaji, a matsa lemun tsami. A tsaye ake ci, kai a karkace don kada ya ɗiga a riga. Na farko da na ci a wata rumfa kusa da kasuwar kifi da suke kira Mercado Negro, sai da na ƙara uku. Wata dattijuwa ce ke suyar a wani faffaɗan kasko mai rami a tsakiya, kifin na iyo a mai, wanda ya soyu kuma ta jera shi a gefen kaskon yana tsanewa. Na zama ɗan gida, har in ta hango ni ta fara ɗumama tortiya. Sai wata safiya na zo da wuri tana haɗa wuta, na ga ta buɗe wani farin bokiti ta ɗebo wani farin abu mai kauri da ludayi ta jefa a kaskon. A jikin bokitin an rubuta manteca. Ni a lokacin na san mantequilla shi ne man shanu, sai na ɗauka ƙanensa ne. Da na koma ɗaki na duba ƙamus, gumi ya keto mini. Man alade ne. Sati shida ina ci.

Laifina ne, ba nata ba, domin ban tambaya ba, ita kuma a wajenta wannan shi ne girki na asali, abin alfahari ma. Kalmomin nan biyu su ne darasinka na farko: manteca kitsen alade ne, mantequilla man shanu ne, aceite kuma man girki na tsirrai. Ba kowace rumfa ke suya da man alade ba, da yawa sun koma man tsirrai, wasu kuma suna gauraya biyun. Ba za ka gane da ido ba in ya narke. Sai ka tambaya.

Ita tambayar ma da yadda ake yin ta. Idan ka ce "ba na cin alade, akwai alade a ciki?", mai rumfa zai dubi kifin ya ce babu, kuma bai yi maka ƙarya ba, don a ransa alade nama ne, mai kuwa mai ne. Kada ka yi tambayar da amsarta i ko a'a ce, musamman in fuskarka ta nuna amsar da kake so, domin mutanen nan suna da kara, ba sa son baƙo ya tafi ba daɗi. Ka ce: "¿Con qué fríe, con aceite o con manteca?", wato da me kike suya, da man tsirrai ko da man alade? Ka yi ta kamar mai sha'awar girki. Wanda ke amfani da manteca zai faɗa maka da fara'a, don yana ganin talla ya yi. Sai ka yi godiya ka wuce gaba.

Tambaya ta biyu a kan ƙullun fulawar ce, suna kiransa capeado. Da yawa giya suke kwaɓa shi da ita, saboda iskar da ke cikinta tana sa ya tashi ya yi garas-garas. Wasu ruwan kwalba mai gas suke sawa, wasu ruwa da hodar tashin ƙullu, wato bakin foda. Ka ce: "¿El capeado lleva cerveza?" Za ka ji masu cewa ai giyar tana ƙonewa a wuta. Ni dai ban ɗauki wannan hujja ba, na bar duk rumfar da ke sa giya, kuma ban rasa inda zan ci ba. Cikin sati biyu za ka tsayar da rumfuna biyu ko uku da ka tantance, shi ke nan ka huta.

Sauran wuraren da man alade ke ɓuya ba su da wuyar haddacewa. Tortiyar fulawa, wadda mutanen arewacin Meziko ke ji da ita, a al'ada da manteca ake murza ta, sai in ta kanti ce ka karanta jikin ledar. Waken da ake damawa a soya, frijoles refritos, wanda ke zuwa gefen kusan kowane faranti ko ba ka nema ba, shi ma haka. Waken da suke kira charros kuwa da gutsattsarin naman alade a ciki ƙiri-ƙiri. Tamal, wani abu mai kama da alalar masara da ake turarawa a ɓawon masara, da kitsen ake buga ƙullunsa. Jan shinkafarsu galibi da romon kaza ake dafa ta. A gidan abincin teku ma ka kula da jatan lande da aka naɗe, ko da wane suna aka yi masa ado, domin abin naɗin tocino ne, siraran yankan naman alade. Kalmomin cerdo, puerco, jamón, chorizo da carnitas duk gida ɗaya suka fito.

Akwai tarko guda da na ga ya kama 'yan'uwa fiye da ɗaya. Da dare za ka ga nama ja a soke a tsaye yana juyawa gaban wuta, ana shaftarsa da doguwar wuƙa, sak shawarmar da ka sani a Zoo Road. Kamannin ba banza ba ne, 'yan gudun hijira daga Lebanon ne suka kawo salon gashin Meziko, sai 'yan ƙasa suka musanya ragon da alade. A Baha adobada suke ce masa, a sauran ƙasar al pastor. Ko kallo na biyu kada ka yi masa. Haka nan rumfar da ke gasa shi tana gasa naman sa, sau da yawa a kan ƙarfe ɗaya ake ɗumama tortiyar kowa, har a ɗan goga ta a maiƙon. Ni na sauƙaƙa wa kaina, na bar rumfunan nama gaba ɗaya. A gefe guda kuma kada sunan chicharrón de pescado ya firgita ka. Chicharrón shi kaɗai fatar alade ce soyayya, amma wannan kifi ne aka yanka ƙanana aka soya ƙayau, tambayar mai kawai za ka yi.

Abokan aiki ba za su rasa gayyatarka Puerto Nuevo ba, wani ƙauye a hanyar Tihuwana da ya shahara da langosta, babban jatan landen nan mai sulke. Lokacin kamunsa daga tsakiyar Satumba ne zuwa tsakiyar Fabrairu, in ka ci a wajen wannan to daga firiza ya fito ko daga wani wuri. Girkin ƙauyen na asali shi ne a raba shi biyu a soya a man alade, a kawo da wake da shinkafa da tortiyar fulawa. Ka ga a faranti ɗaya an haɗa maka uku. Ka je, wurin ya cancanci gani, amma ka ce a gasa maka ko a turara, da man shanu da tafarnuwa, da tortiyar masara, a bar waken.

Yanzu ga abin da za ka ci ka lashe yatsa. Na ɗaya a wajena pescado zarandeado, wanda asalinsa daga gaɓar Nayarit da Sinalowa ne amma ya bazu ko'ina. Ana tsaga kifi guda ta baya a buɗe shi kamar littafi, a shafe shi da jajjagen busasshen barkono da tafarnuwa da lemun tsami, a matse shi cikin ragar ƙarfe a yi ta juyawa a kan garwashi har gefensa ya ɗan ƙone. Da kilo ake sayarwa, mutum uku ko huɗu ke taruwa a kansa, kowa na yagowa da tortiya. Duk wanda ya taɓa cin gasasshen kifi a bakin Tiga ko Yawuri zai ji kamar ya zo gida, sai dai babu ƙarnin taɓo. Bayan shi akwai kifi a la plancha, wato gashin kan ƙarfe, da al mojo de ajo, wanda ake yi da man shanu da tafarnuwa mai yawa. Nan ka tambaya ko sun sa vino, domin gidajen abinci masu tsada kan ɗiga farar giyar inabi, ga shi kwarin Guwadalupe da ake noman inabin giya yana bayan gari kaɗan. Akwai farfesun siete mares, tarkacen teku a romon tumatir mai zafi, maganin safiya mai hazo. Akwai kuma bandar tuna da ta marlin da za ka gani jibge a kasuwar kifi, ja-ja, ana dagargaza ta da tumatir da albasa a cusa a tako. Wannan ita ta riƙe ni a watan azumi.

Inda nake so ka yi taka-tsantsan na gaske ba ma batun halal ba ne, batun ciki ne. Rabin shaharar garin a kan ɗanyen abincin teku take. Sebice, da suke rubutawa ceviche, ɗanyen kifi ne da aka yanka ƙanana aka jiƙa a ruwan lemun tsami har ya yi fari kamar dafaffe, a ɗora a kan busasshiyar tortiya mai ƙaras-ƙaras. Aguachile kuma ɗanyen jatan lande ne a ruwan lemun tsami da ɗanyen barkono da kokwamba da jar albasa, shi ko jiƙon kirki ba a bari ya yi. Akwai wata amalanke a tsakiyar gari, La Guerrerense, da ke nan tun 1960, mutane na tasowa daga wasu ƙasashe don su ci a tsaye a gabanta. Ba zan hana ka ɗanɗana ba, abin da daɗi, ni ma daga baya na saba. Amma a matsayina na wanda ya yi aiki da kifi a ɗakin gwaji, ka sani cewa tsami yana sauya kamannin tsokar ne kawai, ba ya aikin wuta. Ƙwayoyin cuta da tsutsar kifi ba lallai su mutu ba. Cikin da ya tashi a kan tuwo da dafaffen abu, a ba shi sati biyu ko uku ya saba da ruwan wuri tukuna. Ka fara da coctel de camarón, shi jatan landensa dafaffe ne, ana zuba shi a kofi da romon tumatir mai sanyi da fiya. Ɗanyar kawa da dangoginta masu ɓawo su ne mafi haɗari, musamman a watannin zafi. Idan kuma ka ji ana maganar marea roja, wato lokacin da wasu ƙananan tsirrai ke rina ruwan teku, ka bar duk mai ɓawo har hukuma ta ɗage hani, domin wannan dafin ko dafuwa ba ta kashe shi. Wanda kuma ya yi maka tayin farfesun kunkurun teku a ɓoye, ka ce Allah ya ba da haƙuri, an haramta kama shi tun 1990.

Lokaci ma hujja ne. Mutanen gari da hantsi zuwa la'asar suke cin abincin teku, babban cin abincinsu na yini kuma tsakanin ƙarfe biyu ne zuwa huɗu. Amalanken kirki kafin magariba ta sayar ta tafi. Wadda ka tarar da dare da tulin sebice, tambayi kanka tun yaushe yake zaune. Ka duba ko kayan a kan ƙanƙara suke, ka duba ko mai karɓar kuɗi daban yake da mai haɗa abinci, ka duba layin. Layin leburorin tasha da direbobi da mata masu yara ya fi mini layin masu kyamara. Ranar da manyan jiragen yawon buɗe ido suka tsaya, titin López Mateos kan cika da masu kiran baƙi da Turanci suna ɗaga allon abinci. Abincin nan ba guba ba ne, amma an rage masa yaji an ƙara masa kuɗi, kuma giya ake son sayar maka. Ka yi tafiyar minti goma cikin gari.

Yaji kuwa ba ka da fargaba, ɗan Kano ne kai. Abincin kansa ba a cika zuba masa barkono ba, a kwanuka ake jera miyar yajin kowa ya ɗiba. Kore ba ya nufin sanyi, ja ba ya nufin zafi, ka ɗiga a bayan hannu ka lasa. Habanero ɗan'uwan attaruhunmu ne, za ka gane shi da ƙamshi. In sun ce "no pica", wai ba zafi, Bature ne ya kamata ya ji tsoro, kai dariya za ka yi. Za ka kuma ga kwalbar Maggi na ruwa a kan kowane teburin abincin teku, kamar an aiko maka gaisuwa daga gida.

Abin sha ne zai fi ba ka mamaki. A manyan tulunan gilashi za ka ga wani ja, wani ruwan ƙasa, wani fari. Jan, agua de jamaica, zoɓo ne tsaf, sai dai babu citta babu kanumfari. Kuma ba kama kawai ba ce, Meziko ita ce babbar kasuwar zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina, ta yiwu wanda za ka sha daga gonar Maigatari ya fito. Ruwan ƙasan tsamiya ce. Farin, horchata, na shinkafa ne da kirfa, asalin sunan kuwa daga Sifen ya zo, inda ake yin sa da aya kamar kunun ayarmu. Duka ukun babu giya. Wanda za ka kiyaye shi ne jan abin nan a babban kofi mai gishiri da barkono a baki, michelada, giya ce aka haɗa da ruwan tumatir. Ruwan famfo ba a sha, kowane gida da babbar jarkar lita 20 da ake cikowa, kai ma ka yi haka.

A rumfar tako ba a biya tukuna. Ka ci, ka ƙara, in ka gama ka faɗi adadin da ka ci a yi maka lissafi, amana ce kuma ba a wasa da ita. In an ce "¿con todo?", ana nufin a sa maka komai da komai na ganye da albasa. A gidan abinci na zama ana barin tukuici kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, a rumfa kuwa 'yan canji a gwangwani sun isa. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, ba kowa ke karɓar kati ba.

Garin tuwon da ka tambaya, kada ka wahalar da kanka da kaya. Kowane kanti akwai garin masarar tortiya, wanda aka fi sani Maseca. Na tuƙa tuwo da shi ba sau ɗaya ba. Yana saurin kamawa, don haka ka yi talge da ruwa-ruwa kafin ka zuba gari, kuma zai fito da ɗan ƙamshin farar ƙasa, kamar tuwon da aka sa wa kanwa, wanda bayan loma uku ba za ka ƙara ji ba. Ranar Asabar da safe ka je kasuwar kifi, ka zaɓi kifin da cikin kunnensa ja ne, idonsa garau, ka ce a kankare maka a yanka gunduwa-gunduwa. Tumatir da albasa da habanero suna kowace kwana. Mai gidan da na zauna, da ta ga na mulmula tuwon a faranti, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni me ya sa na dafa tamal na manta ban naɗe shi ba.